Turancin Kujerar Baya

Shekara ashirin da bakwai ina tuƙa motar gidan Warsi a Kanpur, ban taɓa goge wa kowa fenti ba, ban kuma taɓa makara ba sai ranar da aka haifi 'yata Ruksar. Na tuƙa Babban Sahib har ranar da muka raka shi makwancinsa, sannan na koma tuƙa ɗansa, Jawed Sahib, wanda na sani tun yana ɗan makaranta mai majina a hanci. Masana'antar takalmansu tana unguwar Jajmau, mutum ɗari uku da ɗoriya ke cin abinci a cikinta. Ni kuwa ofishina kujerar gaba ce.

Masu gida irin namu suna da wata ɗabi'a. Muddin zancen abinci ne, ko zafin gari, ko zagin 'yan siyasa, da harshenmu ake yi, har a taɓo ni a ce, "Ko ba haka ba, Mobin?" Amma da zarar magana ta yi nauyi sai ka ji an juya zuwa Turanci, kamar an ja labule tsakanin kujerar baya da ta gaba. Ban taɓa jin haushin hakan ba. Aji huɗu na yi a makaranta, Turancina bai wuce na allon hanya ba. Sai dai Allah ya ba ni kunne irin na aku. Duk abin da aka faɗa sau uku a bayana ya zauna ke nan, da muryar mai shi, har da wurin da yake jan numfashi.

Daga bara zuwa bana akwai wasu 'yan maganganu da Sahib ya riƙe, musamman in yana waya da ƙanensa da ke Dubai. "Las legs." "Ded hos." Da wata mai daɗin fita a baki, "beli ap." Yakan faɗe su yana wata 'yar dariya ta hanci, ni kuma na ɗauka irin kirarin da manyan 'yan kasuwa ke yi wa harkarsu ne. Ai mutum ba ya dariya a kan abin da zai kashe shi. Haka dai na zata. Na tara guda shida, na adana su kamar sabbin kaya.

A gida ba na fito da su, don Ruksar ta yi digiri, kuma ba ta da aiki sai gyara mini baki. Wurin da nake baje kolinsu shi ne teburin shayin Kallu, gindin darbejiyar da ke bayan kulob ɗin manya. Masu gida suna ciki suna shan sanyi, mu direbobi muna waje muna shan shayi muna cin naman kowa. Ni ne babba a wurin, Ustad suke ce mini.

"Ustad, yaya kasuwar takalma?"

"Las legs, ɗan'uwa, las legs," in ce, ina juya kofi kamar yadda Sahib ke juya nasa.

"Kai! Ustad ya zama Bature, saura jan kunne!"

"Saura naka dai, in ja shi. Ku da masu gidanku ba su iya komai ba sai ƙidaya buhun albasa, ina za ku ji irin wannan?"

A yi ta dariya, Kallu ya ƙara mini shayi kyauta. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Tsoho mai aji huɗu ana sauraronsa kamar lauya.

To, ina da ɗa guda, Tausif. Shekara shida yana Pune, yana gyaran injuna a wani kamfani mai ƙera kayan mota, aiki tabbatacce, har an sa mutum huɗu a ƙarƙashinsa. Matarsa Sana tana da ciki wata bakwai. Uwarsa Nasrin ta hana ni sakat: jikanta na fari ba za a haife shi a ɗakin haya a wata uwa duniya ba, babu mai dafa wa yarinya ko ruwan zafi. Ni ma, in faɗi gaskiya, na gaji da ganin ɗana a fuskar waya.

Ranar ƙaramar Salla na je gaida Sahib kamar kullum. Ya rungume ni sau uku, aka kawo mini taliyar Idi mai madara da dabino. Da na ga fuskarsa a sake sai na saka maganar Tausif. Ya dubi kwanon da ke hannuna, sannan ya ce, "Kawo shi mana, Mobin Miyan. Ai gidansa ne."

A daren nan na kira Tausif. Yaron ya yi ta jan ƙafa.

"Abbu, sun ba da takarda?"

"Takardar me? Ni da na ɗauki gawar uban mutumin a kafaɗata zan ce masa ya rubuta mini takarda?"

"Ba haka nake nufi ba, Abbu. Nan fa in na fita, ba komawa. Mutum hamsin ke layi a bakin ƙofa."

"To zauna. Zauna can har uwarka ta mutu, sai ka zo ta'aziyya da mutum huɗunka."

Na san inda zan taɓa shi, kuma na taɓa. Washegari ya miƙa musu takardar barin aiki, wa'adin wata guda.

Cikin watan nan ne wani attajiri daga Agra, Seth Bansal, ya fara zuwa wurin Sahib. Sau uku suka gana a kulob, kowane zama sai sun kwashe awa uku. Ni dai na ɗauka babban mai sayen takalma ne. Direbansa wani matashi ne mai suna Brijesh, rigarsa a goge kullum, ba ya yawan magana, sai ya zauna gefe da jarida. Irin waɗannan ne ke ba ni haushi, masu zama cikin mutane kamar an tilasta musu. A zuwansu na uku na ce bari in nuna masa cewa Kanpur ma akwai masu ilimi. Da aka yi mini tambayar da aka saba, sai na zazzage duka shidan a jere.

Brijesh ya sauke jaridarsa.

"Ustad, sake faɗa."

Na sake, har da dariyar hancin.

"A ina ka ji waɗannan?"

"A bakin mai su. Kullum safiya Sahib sai ya faɗa wa ƙanensa, tsakanin gida da Jajmau."

"A kan masana'antar yake faɗa?"

"Da a kan me zai faɗa, a kan surukarsa?"

Aka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya biya kuɗin shayina, ya koma mota. Na ce wa Kallu, "Ka gani? Turanci ma na sayen shayi."

Ranar Lahadin ƙarshe, gobe Tausif zai iso, muna saman bene bayan cin abincin rana. Nasrin tana shanya yankakken ɗanyen mangwaro da gishiri a kan tsohon zane. Ni ina kishingiɗe a gadon igiya ƙarƙashin rumfa. Ruksar kuwa tana kai da kawowa da littafi a hannu, tana hadda da ƙarfi. Jarrabawar shiga aikin gwamnati take shiri, kuma a cikin jarrabawar akwai wani sashe na karin maganar Turawa, ɗaruruwa, sai an haddace su da ma'anarsu kamar karatun allo. Wata uku tana cika mana kunne, ban taɓa kula ba. Barci ya fara ɗaukata sai na ji abin da na sani.

Na ɗaga kai. "Las legs! Wannan tawa ce."

Ta yi dariya. "Abbu, kai kuma a ina?"

"Ke kin zata ke kaɗai ce mai Turanci a gidan nan? Wannan ta Sahib ce. Kullum sai ya yi wa masana'anta kirari da ita."

Dariyar ta tsaya a fuskarta.

"Kirari?"

"Me take nufi? Faɗa wa uwarki ta ji irin maganar da mijinta ke ji a mota."

Ruksar ta dubi littafin, ta dube ni. "Abbu, suna nufin abin da ya tsaya a kan ƙafafunsa na ƙarshe. Kamar dabbar da ta kusa faɗuwa. Ana faɗa wa kamfanin da ya kusa mutuwa."

"Kin karanta ba daidai ba."

"Ga shi a rubuce."

"To ded hos fa?"

Ba ta ko juya shafi ba. Yatsanta ya ɗan sauka ƙasa. "Dukan mataccen doki. Wahala a kan abin da ya riga ya ƙare."

Na tashi zaune. Na faɗi ta uku.

"Kifin da ya juya cikinsa sama a kan ruwa."

Na faɗi ta huɗu. Jirgin ruwa mai nutsewa, wanda ko ɓerayen cikinsa sun fara tserewa. Ta biyar, rubutu ya riga ya bayyana a bango, sai makaho ne bai gani ba. Ta shida, ƙusa ta ƙarshe a akwatin gawa. Ina faɗa tana fassarawa, muryarta na ƙara yin ƙasa, ni kuma ina jin kamar ana zare mini ƙashi ɗaya bayan ɗaya. Ina ta fatan ko guda ɗaya ta fito da alheri, ko guda. Babu.

"Duk a shafi ɗaya suke, Abbu," in ji ta. Ta juyo mini da littafin kamar zan iya karantawa. "Kan shafin ma cewa ya yi, maganganun da ake yi wa sana'ar da ta durƙushe."

Nasrin ta tsaya da yankin mangwaro a hannu. "Me yarinyar nan take cewa?"

Ruksar ta rufe littafin, ta juyo gare ni.

"Tun yaushe yake faɗarsu?" Ruksar ta tambaya.

"Tun kafin azumi."

"Kafin Salla ke nan. Kafin ya ce ka kawo Yaya."

Innalillahi. Wallahi na yi mutuwar zaune. Shekara guda ana sanar da mutuwar masana'antar a bayan ƙeyata, taku ɗaya tsakanina da mai sanarwar, ni kuma ina haddacewa ina murmushi. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi na kowa, don ni har waƙa nake yi a cikin duhun.

Na lalubo waya na kira. Tausif ya ɗauka, ƙarar jirgin ƙasa na cika kunnena.

"Abbu! Mun wuce Manmad. Sana na gaishe ka. Motar kaya ta taso tun jiya, firij da gado duk suna ciki."

"Wurin aikin naka fa? Sun... sun sa wani?"

"Tun Juma'a. Ni na koya masa aikin ma. Har walima suka yi mini, Abbu, manaja ya ce ba su taɓa ganin ɗa mai biyayya irina ba. Lafiya dai?"

Nasrin da Ruksar sun zuba mini ido. Na ce, "Lafiya lau. Allah ya kawo ku lafiya." Na kashe wayar.

Da safe na wanke motar kamar kullum, na goge ta har sau biyu don hannuna ya sami abin yi. Firgicin jiya ya zama fushi. Ni za a runguma sau uku a ba ni taliya, alhali an san gidan na cin wuta? Sahib ya fito ƙarfe tara, ya shiga baya, bai ɗauki waya ba yau. Muka kama hanyar Jajmau. A mararrabar jirgin ƙasa muka tarar an sauke ƙarfe, motoci da babura da kekuna sun yi cirko-cirko cikin rana. Na kashe injin.

Na dubi madubi na ce, "Sahib. Las legs."

Ya ɗago kai kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi.

"Me ka ce?"

"Ded hos. Beli ap. In ci gaba? Shida gare ni. Jiya 'yata ta fassara mini su." Na juyo na fuskance shi. "Ɗana yana cikin jirgi yanzu haka, Sahib, da mace mai ciki, da firij a bayan mota. Ya bar aikin shekara shida saboda kalmarka. Da ka ce mini a'a ranar Salla, me zai ragu a jikinka? Ni ba baƙo ba ne. Ni na kai ka makaranta."

Na zata zai daka mini tsawa. Sai ya cire tabarau ya murje idanunsa, na ga yadda ya tsufa ban lura ba.

"Ban yi maka ƙarya ba, Mobin Miyan," ya ce, da harshenmu, a hankali. "Gaskiya ne masana'antar na mutuwa. Masu sayenmu na ƙasashen waje sun janye tun bara. Amma ranar Salla ina da mafita a hannu. Seth Bansal ba takalma ya zo saya ba, rabin masana'antar zai saya. Zai kawo sabbin injuna, zai riƙe ma'aikata duka, ba za a kori ko mai shara ba. Sabbin injuna kuwa suna buƙatar mai gyara. Da hannuna na rubuta sunan Tausif a takardar, shugaban masu gyara. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce ya kamata mu sa hannu."

"To me ya faru?"

"Ya janye." Ya yi 'yar dariyar nan ta hanci, yau na ji yadda take da ɗaci. "Na ɓoye masa zancen masu sayen, ina so a sa hannu tukuna, in ya shigo ma gyara tare. Laifina ne wannan, na sani. Amma da ba zai tona ba. Sai ga shi ya kira ni ya ce labari ya zo masa daga cikin gidana, wai ni da bakina nake kiran masana'antata mataccen doki kullum safiya. Ya sa aka bincika, ya gano komai."

Jirgin ya fara wucewa, ƙasa na girgiza. Na ƙanƙame sitiyari da hannu biyu.

"Kwana huɗu ban yi barci ba," Sahib ya ci gaba, yana kallon taga. "Wa ya kai masa? Na zargi matar ƙanena. Na zargi manaja. Tiwari, shekara ashirin yana mana sakatare tun zamanin mahaifina, ranar Juma'a na zage shi a gaban mutane na kore shi, yana kuka yana rantsuwa da 'ya'yansa. Na yi ta lissafi, wa ke jin maganata da ƙanena? Ni ba na kiransa a ofis, ba na kiransa a gida. A mota kaɗai nake kiransa, don a mota babu mai jin..."

Bai ƙarasa ba.

Idanunmu suka haɗu a madubi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na ga lokacin da abin ya isa gare shi, na ga bakinsa ya buɗe kaɗan, shi ma ya ga lokacin da ya gama isa gare ni. Rigar Brijesh mai guga, da jaridar da aka sauke, da shayin da aka biya mini.

"A teburin Kallu," na ce. "Ban san ma'anarsu ba, Sahib. Wallahi na zata kirari ne."

Aka ɗaga ƙarfe. Na baya suka dinga danna mana oda, wani mai babur ya buga gilashina yana zagin uwata. Sahib bai zage ni ba. Da ya zaga da na fi samun sauƙi.

"Shekara ashirin da bakwai," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ban taɓa tunanin kana ji ba."

"Ina ji, Sahib. Ganewa ce ba na yi."

"Ja mu tafi."

A bakin masana'anta ma'aikata suna shiga, suna ɗaga wa motar hannu, wasu na kiran "Ustad!" Mutum ɗari uku da ɗoriya. Na san matan wasu, na ci abincin auren wasu. Sahib ya buɗe ƙofa da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje.

"Ƙarshen wata za a rufe. Ban faɗa musu ba tukuna." Ya dubi agogonsa. "Ƙarfe nawa jirgin yaron zai iso?"

"Ɗaya da rabi."

"Tafi da motar. Mai ciki ba ta shiga keke a wannan zafin."

Na isa tasha da wuri, na tsaya a dandamali ina shirya maganar da zan faɗa. Na shirya ta ta fuska goma, kowacce na ɗauka sai ta karye a hannuna. Jirgin ya shigo a makare. Na hango Tausif tun daga nesa, ya fi ƙiba, yana riƙe da hannun Sana yana saukar da ita a hankali. A ɗaya hannun akwatin kayan aikinsa ne na ƙarfe, wanda bai yarda ya sa a motar kaya ba. A ƙarƙashin hammatarsa kuma kwalin alewa ɗaure da jan zare.

Ya rungume ni, Sana ta sunkuyar da kai na dafa mata. Da muka fito ya ga motar, sai ya washe baki.

"Kin gani?" ya ce wa matarsa. "Motarsa ya aiko. Na faɗa miki Abbu ba ƙaramin mutum ba ne a gidan nan." Ya miƙo mini kwalin. "Wannan ta Sahib ce, daga Pune. Abbu, gobe zan fara, ko ya ce in huta zuwa jibi?"

Ni Mobin, da ba a taɓa rufe mini baki a teburin Kallu ba, na tsaya da kwalin alewa a hannu, na rasa kalma ɗaya a kowane harshe. Na buɗe musu ƙofar baya suka shiga.